JAMI'AR KUƊI: A YI LISSAFI KAFIN A ƊAGA ƘAFA

 

 Darasinmu na wannan fitowa zai duba wani al'amari ne da ya shigo gidajenmu da ƙarfi, wato kai 'ya'ya jami'o'i masu zaman kansu, waɗanda muka fi sani da jami'o'in kuɗi. Da zarar sakamakon jarrabawar JAMB ya fito, za ki ji maganar a gidan biki, a Islamiyya, a wajen zubin adashi, wance ta kai ɗanta can, wance kuma ta kai 'yarta can. Sau da yawa uwa ce ke matsa wa maigida lamba, ita ce kuma ke ɗaukar sarƙa da awarwaronta ta kai kasuwa in kuɗi bai cika ba. Tunda haka ne, ya kamata mu san nawa ne ainihin kuɗin wannan karatu daga farko har ƙarshe, mu kuma san me yaro ke fitowa da shi, domin mu shiga da ido buɗe ko mu haƙura da zuciya ɗaya.

YADDA ABIN YA FARO

A shekarar 1999 gwamnatin tarayya ta bai wa jami'o'i uku masu zaman kansu lasisi, wato Igbinedion a Okada ta Jihar Edo, da Babcock a Jihar Ogun, da Madonna a Okija ta Jihar Anambra. Musulmi ma ba a bar su a baya ba, domin a 2005 an sami Al-Hikmah a Ilorin, da Al-Qalam a Katsina, da Crescent a Abeokuta, sannan a 2007 ƙungiyar NASFAT ta kafa Fountain a Osogbo. A Yola akwai jami'ar AUN, a Abuja an sami Nile a 2009 da Baze a 2011, a Kano kuma Skyline a 2018 da jami'ar Maryam Abacha a 2021. Zuwa 2024 yawansu a Najeriya ya haura 140, wato sun fi na tarayya yawa, sun kuma fi na jihohi. Amma duk da wannan yawa, ɗaliban da ke cikinsu ba su kai kashi 10 cikin 100 na ɗaliban jami'o'in ƙasar ba, kuma babban dalili shi ne tsada.

Iyayen da ke rububin kai 'ya'yansu ba wauta suke yi ba, suna da hujja. Na farko ƙarancin gurbi: a 2024 yara kusan miliyan 1.9 ne suka rubuta JAMB, kuma kwasa-kwasan da kowa ke so, irin su likitanci da lauya da aikin jinya, ba sa ɗaukar ko kusa da masu nemansu. Na biyu yajin aikin malaman jami'a na ƙungiyar ASUU. A 2020 an yi wata tara, daga Maris zuwa Disamba, a 2022 kuma an yi wata takwas, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Ki haɗa, wata 17 ke nan yara suna zaune a gida. Duk uwar da ta ga budurwar 'yarta ko saurayin ɗanta ya yi wannan zaman kashe wando, ta san abin ba daɗi.

KUƊIN DA KE TAKARDA DA WANDA BA YA TAKARDA

In kin je ofishin ɗaukar ɗalibai, abin da za a miƙo miki shi ne kuɗin shekara ɗaya. Nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa, su ce ai in aka sayar da fili an biya. To, digiri ba shekara ɗaya ba ne. Yawancin kwasa-kwasai shekara huɗu ne, injiniya da aikin jinya shekara biyar, lauya shekara biyar sannan a ƙara shekara ɗaya a makarantar horas da lauyoyi wadda ita ma da kuɗinta, likitanci kuwa shekara shida. Kuma kuɗin ba ya tsayawa inda kika same shi. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da faɗuwar darajar Naira, har dala ta tashi daga wajen N460 ta haura N1,500 a 2024, komai ya yi tsada, hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100. Jami'ar kuɗi da kuɗin iyaye take sayen man janareto, take biyan albashi, ba ta cikin masu cin tallafin asusun TETFund kamar jami'o'in gwamnati. Saboda haka duk abin da ya tashi a kasuwa, a kanki zai sauka.

Bari mu ɗauki misali, kowa sai ta sa adadin makarantar da take nufi a gurbinsa. Mu ce kuɗin makaranta da ɗakin kwana N1,500,000 ne a shekarar farko, kwas na shekara huɗu. Lissafin baki zai ce miliyan shida. Amma in ana ƙara kashi 15 cikin 100 duk shekara, shekara ta biyu za ki biya N1,725,000, ta uku kusan N1,984,000, ta huɗu kusan N2,281,000. Jimla ta kai wajen N7,490,000. Sai abinci da kuɗin kashewa, mu ce N60,000 a wata har wata tara, N540,000 ke nan a shekara, N2,160,000 a shekara huɗu, ko da farashin abinci bai motsa ba. Sai kuɗin karɓar gurbi, da kwamfuta, da littattafai, da kuɗin mota in an yi hutu, da magani, da aikin binciken shekarar ƙarshe, da rigar yaye, mu ce N850,000. Kin ga an tashi N10,500,000.

Yanzu ki auna. Mai ɗaukar mafi ƙarancin albashi na N70,000 da aka amince da shi a 2024, sai ya yi shekara 12 da rabi bai taɓa ko kwabo ba kafin ya tara wannan kuɗi. Mai ɗaukar N300,000 a wata kuwa, albashinsa na wata 35 ne cif. Wannan fa na yaro ɗaya ne, kuma ba likitanci ba, wanda a wasu wurare kuɗinsa na shekara ɗaya kawai miliyoyi ne masu yawa. Ga ƙannensa suna tasowa, ga haya, ga cefane, ga auren 'yan mata.

IN KUƊI YA YANKE A TSAKIYA

Wannan ita ce asarar da ta fi kowace ciwo, kuma ba a cika faɗarta ba saboda kunya. Maigida ya yi ritaya, ko kasuwa ta juya, ko rai ya yi halinsa, yaro yana aji uku. Makaranta ba za ta bari ya shiga jarrabawa ba sai ya biya, kuma bisa al'ada ba ta sakin takardun sakamakonsa matuƙar tana bin sa bashi. Komawa jami'ar gwamnati ba abu ne mai sauƙi ba, sau da yawa sai an mayar da shi baya, ko ma ya sake rubuta JAMB ya faro daga aji ɗaya. An rasa kuɗin, an rasa shekarun, yaro kuma ya karaya ganin abokansa sun wuce. Hausawa suka ce da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ƙa'idar da za mu riƙe ita ce, kada a sa yaro sai an ga hanyar da kuɗin shekarar ƙarshe zai fito. In da kadara za a biya, a tabbata kadarar ta isa duka shekarun. In da albashi ne, a tambayi kai shekara nawa ta rage wa maigida a wajen aiki.

ME KUƊIN KE SAYA?

Mu yi adalci, akwai abin da yake saya. Babba daga ciki shi ne lokaci. Malaman jami'o'in kuɗi ba sa shiga yajin aikin ASUU, don haka mai shekara huɗu yakan gama a shekara huɗu in bai faɗi ba. Ga 'ya mace da ake son ta kammala kafin aure, ko wadda maneminta ke jira, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Haka nan ga wanda ya makara da shiga, domin wanda ya haura shekara 30 lokacin da ya kammala ba ya tafiya hidimar ƙasa ta NYSC, takardar yafewa ake ba shi. Sannan a yawancinsu aji ba ya cika maƙil, malami yana iya sanin ɗalibinsa, ɗakin kwana da ruwa da wuta sun fi samuwa, kuma ana lura da shige da fice.

Amma ki lura, a 2023 da 2024 ba a yi dogon yajin aiki irin na baya ba, kuma ko a 2022 akwai jami'o'in jihohi da ba su rufe ba. Saboda haka sai a tambayi kai, shin ribar shekara ɗaya ko biyu ta kai a biya miliyoyin da ke tsakanin wannan da waccan? Ga wani gida ta kai, ga wani gidan ba ta kai ba.

ME KUƊIN BA YA SAYA?

Ba ya sayen ƙwazo. Yaron da ba ya karatu a gida, ba zai zama haziƙi ba don an biya masa miliyoyi. Wani ma yaron ba shi da sha'awar kwas ɗin, uwa ce ke son a ce da ita maman likita, sai ya yi ta maimaita aji, kowace maimaitawa kuma sabon biya ne.

Ba ya sayen aiki. Wanda ya fito daga jami'ar kuɗi da wanda ya fito daga Jami'ar Bayero ko Ahmadu Bello ko Usmanu Ɗanfodiyo, sansani ɗaya za su shiga a hidimar ƙasa, alawus ɗaya za su karɓa, wanda ya koma N77,000 a 2025. In aikin gwamnati ne, masu digiri iri ɗaya mataki ɗaya ake ɗora su, ba a tambayar nawa aka biya. Bankuna da manyan kamfanoni kuwa jarrabawarsu suke yi, wanda ya iya shi ke wucewa. In kin ga ɗan mai hali ya fito ya sami aiki nan take, sau da yawa hanyar mahaifinsa ce ta yi masa, kuma da jami'ar gwamnati ya yi ma da ya samu. Kada ki ɗauka sunan makarantar ne.

Haka kuma tsadar makaranta ba ta nuna ƙwarewar malamai. Jami'o'in kuɗi da dama, musamman sababbi, da malaman jami'o'in gwamnati suke aiki, masu zuwa su koyar su koma. Kin ga ke nan wani lokaci malami ɗaya ne ke koyar da ɗan da aka biya wa miliyoyi da ɗan da aka biya wa dubbai.

Sannan ba ya sayen tarbiyya. Katanga da maigadi suna da amfani, amma abokai suna cikin katangar. Yarinyar da aka yi ƙarfin hali aka kai, za ta zauna ɗaki ɗaya da wadda wayar hannunta ta fi kuɗin cefanen gidanku na shekara. In ba a gina ta da wadatar zuci da tsoron Allah tun daga gida ba, nan ake fara ƙarya da raina iyaye da bin hanyar da ba ta dace ba. A kuma san waye mai makarantar. Wasu coci-coci ne suka kafa su, da dokokinsu na sutura da na halartar taron ibada. Wajibi ne ki tambaya tun kafin biya, shin akwai masallaci, ana barin hijabi, ana fita sallar Juma'a, yaya ake da abinci a watan azumi?

A BINCIKA KAFIN A BIYA

Akwai bincike uku da ba a tsallake su. Na farko, lasisin jami'a daban, amincewa da kwas daban. Hukumar kula da jami'o'i ta NUC tana tantance kowane kwas, ta ba shi cikakkiyar amincewa, ko ta wucin gadi, ko ta hana. A nemi matsayin kwas ɗin da yaro zai yi, ba na makarantar kawai ba.

Na biyu, kwasa-kwasan sana'a suna da hukumominsu. Likitanci yana ƙarƙashin MDCN, injiniya COREN, aikin jinya da haɗa magunguna da lauya kowanne da tasa majalisar, kuma ga likitanci da lauya akwai adadin ɗaliban da aka ƙayyade wa kowace jami'a. In makaranta ta kwashi fiye da adadinta saboda son kuɗi, yara za su gama su zauna jiran layi. A 2023 majalisar ilimin lauyoyi ta dakatar da wata jami'a mai zaman kanta a Abuja daga ɗaukar ɗaliban lauya saboda irin wannan, bayan ɗaruruwan waɗanda ta yaye sun taru ba su sami shiga makarantar lauyoyi ba. Ki tambaya kai tsaye: nawa aka ƙayyade muku, nawa kuka ɗauka bana?

Na uku, gurbin ya bi ta hannun JAMB, ta tsarinta na CAPS. Duk wanda aka ɗauka ta bayan fage, sunansa ba zai shiga rajistar JAMB ba, kuma zai gamu da cikas ranar tafiya hidimar ƙasa.

Wannan bincike ya fi zama dole ga masu tura yara ƙasashen maƙwabta saboda an ce da araha da sauri. A ƙarshen 2023 ɗan jaridar Daily Nigerian, Umar Audu, ya fallasa yadda ya sami digiri cikin mako shida daga wata makaranta a Kwatano. A watan Janairun 2024 gwamnati ta dakatar da tantance takardun digiri daga Benin da Togo, daga baya kuma ministan ilimi na lokacin, Tahir Mamman, ya ce an gano takardun bogi sama da 22,000. Iyaye da yawa da kuɗin halal suka biya, rashin bincike ne ya ja musu.

TA FUSKAR ADDINI

Neman ilimi ibada ne, ciyarwa a kansa kuma sadaka ce mai lada, amma Allah bai ɗora wa kowa abin da ya fi ƙarfinsa ba. Abu uku za mu kiyaye.

Bashi. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, aya ta 282 a Suratul Baƙara, a kan bashi ta sauka, tana umurni da a rubuta shi a kafa shaidu. Ya kuma inganta cewa Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallam, ya taɓa janyewa daga sallatar gawar wani da ake bi bashi, har sai da sahabi Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. In kuwa bashin mai ruwa ne, to riba ce, haramun ce, kuma kyawun niyya ba ya halatta ta. Kada ki tura mijinki banki ya ci bashi da ruwa don a ce ɗanki yana makarantar manya.

Adalci tsakanin 'ya'ya. A ƙissar Nu'umanu ɗan Bashir, mahaifinsa ya yi masa kyauta shi kaɗai ya nemi Annabi ya shaida, Annabi ya ƙi, ya umurce shi da adalci tsakanin 'ya'yansa. Malamai sun bambance kyauta da ciyarwa gwargwadon buƙata, don haka ba dole ne a kashe wa kowane ɗa adadi ɗaya ba. Amma a ƙarar da dukiyar gida a kan ɗan fari a bar ƙanne ba kuɗin sakandare, ko a kai namiji jami'ar kuɗi a ce mace ta jira miji, ko a fifita 'ya'yan ɗaki ɗaya a kan na ɗaya ɗakin, wannan shi ke shuka gaba tsakanin 'yan uwa har bayan ran iyaye. In dukiyar marayu ce za a taɓa, abin ya fi tsanani, sai an nemi fatawar malami.

Niyya. Ki tambayi zuciyarki tsakaninki da Allah, don amfanin yaron ne, ko don kishiya ko ƙawa ta kai nata? Wanda ya daka ta wani, ya rasa turmin daka tasa. Kuma ki sani dukiyarki taki ce, in kin sayar da gwal ɗinki kin taimaka Allah zai ba ki lada, amma a yi shi da shawara da maigida, a fayyace ko kyauta ce ko rance, a rubuta.

SAURAN HANYOYI

Jami'o'in tarayya da yawa sun ƙara kuɗin rajista a 2023, duk da haka tazarar da ke tsakaninsu da na kuɗi mai nisa ce. Ga kuma asusun NELFUND da ya fara aiki a 2024, yana ba ɗaliban manyan makarantun gwamnati rancen kuɗin makaranta ba ruwa, da N20,000 a wata na kashewa, a fara biya shekara biyu bayan hidimar ƙasa. An tsara shi ne don makarantun gwamnati. Akwai hukumomin tallafin karatu na jihohi. Yaron da makinsa bai kai ba yana iya sake JAMB da shiri mai kyau, ko ya yi IJMB ya shiga aji biyu kai tsaye. Akwai kwalejojin aikin jinya da ungozoma, da na horas da malamai, da na kimiyya da fasaha. Matar aure ko mai aiki kuma ga buɗaɗɗiyar jami'a ta NOUN. Wani gidan, in aka kai yaro jami'ar gwamnati aka ajiye ragowar kuɗin, shi zai zama jarinsa ko kuɗin digirinsa na biyu.

Wadda Allah Ya hore wa gidansu, ta bincika ta ga kwas ɗin ingantacce ne, ba bashi, ba tauye haƙƙin sauran yara, to ta kai ɗanta, babu laifi ko kaɗan, Allah Ya sa albarka. Wadda kuma ba ta da hali, kada ta ji ta gaza, likitoci da alƙalai da malaman da muke alfahari da su mafi yawansu jami'ar gwamnati suka yi.

DON TATTAUNAWA A WAJEN TA'ALIM

1. Kowace ta ɗauki takarda ta lissafa kuɗin kwas ɗaya daga shekarar farko zuwa ta ƙarshe, da ƙarin shekara-shekara. Kashi nawa ne na abin da ke shigowa gidanku?
2. In mai biya ya rasu ko ya rasa aiki, wa zai ƙarasa?
3. Ta wace hanya za ki faɗa wa ɗanki cewa ba za a iya ba, ba tare da ya karaya ba?
4. Shin reshenmu zai iya kafa asusun rance ba ruwa don 'ya'yan mambobi da marayu?

A ƙarshe, a zauna da maigida da shi yaron a yi shawara, a tambayi iyayen da 'ya'yansu suka riga suka gama a makarantar, sannan a yi istihara. Allah Ya shirya mana zuri'armu, Ya ba su ilimi mai amfani, Ya buɗa wa mazajenmu hanyar halal, Ya tsare mu daga nauyin bashi, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.